MUBI: A BAKIN RIGA AKE GANE GWANAR SAƘA

Duk wanda ya tashi daga Yola da asuba a cikin watan Disamba ya nufi Mubi, tun kafin motarsa ta ƙetare gadar Binuwai zai tabbata hunturu ya kankama. Hazo ya lulluɓe kogin har ba a hangen masunta, fasinja kowa ya ƙudundune, mai rawani ya ja amawali, mai mayafi ta rufe hanci. Hanyar ta bi ta Girei da Song da Gombi da Hong, tafiyar kusan kilomita 200 ce, kuma tun daga Song duwatsu suke fara yi wa matafiyi rakiya, wani ya tsaya shi kaɗai kamar an dasa shi, waɗansu sun hau kan juna kamar da gangan aka jibge su. A Mararraba ake rabuwa da hanyar da ta miƙe zuwa Uba da Michika da Madagali, a karkata gabas. Daga nan ba a jimawa sai Duwatsun Mandara su bayyana dishi-dishi a cikin ƙura, a gindinsu kuwa ga Mubi a shimfiɗe a bakin kogin Yedzaram, wanda a wannan lokaci na shekara yashi ya fi ruwa yawa a cikinsa.

Mubi tana bakin iyaka, ta kuwa daɗe tana canza hannu. Ta shiga ƙarƙashin tutar Modibbo Adama a zamanin jihadi. Jamus suka kama ta a 1903, Ingilishi suka karɓe ta a yaƙin duniya na farko, a 1922 aka sa ta cikin yankin Kamaru da aka ba Ingila riƙo. A watan Fabrairu na 1961 mutanen yankin suka jefa ƙuri'a suka zaɓi Nijeriya, ranar 1 ga Yuni na shekarar aka kafa Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwatarsa. Daga baya ta zauna a Jihar Arewa maso Gabas, sa'an nan Jihar Gongola daga 1976, har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Adamawa. Yau idan aka ambaci sunanta, abin da yake faɗo wa jama'a a rai shi ne babbar kasuwar shanu wadda manyan motoci suke lodi daga cikinta zuwa kudu, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002. Fali da Gude da Margi da Higi da Njanyi da Fulani da Hausawa da Barebari duk suna cin kasuwa ɗaya, ana yin ciniki da Hausa a ƙarasa da Fulatanci, naira da sefa suna kwana a aljihu guda.

Shanu dai sai an je kasuwarsu ake ganinsu. Abin da baƙo zai fara cin karo da shi idan ya sauka a tasha da sanyin safiya shi ne kawunan jarirai. Kowace mai goyo ta wuce, akwai 'yar hula ta ulu tana leƙowa ta saman zane, ja ko ruwan ɗorawa ko shuɗiya, da 'yan ƙafafu biyu cikin safa suna reto a gefe. 'Yan makaranta sun ɗora rigar sanyi a kan kayan makaranta, mai shayi ya jawo hularsa har kan kunne. Garin yana kan tudu ne a gindin duwatsu, iskar jaura kuwa idan ta gangaro da dare ba ta san mai gata ba. Mafi yawan kayan sanyin nan gwanjo ne, ko kuma na kamfani da ake shigowa da su daga ƙasashen waje. Amma wani kaso daga ciki, musamman na jarirai, a cikin garin aka saƙa shi, a ɗakunan mata a Lokuwa da Kolere da Sabon Layi da Yelwa da Wuro Patuji, wani da kibiya, watau siraran sandunan nan biyu, wani da kwarashi, wani kuwa da inji.

Ga idon namiji duk saƙa saƙa ce. Amma a tsaya kusa da mace mai hankali a lokacin da take sayen kayan barka, a ga abin da take yi. Ba ta ɓata lokaci a kan launi ko fulawar da aka yi a ƙirji. Sai ta kama bakin rigar, ta bi shi da yatsa tun daga wuya har ƙasa, ta ja shi kaɗan ta saki ta ga ko zai koma yadda yake, ta juya ciki waje ta nemi inda aka ɗaure zare. Idan ta ga bakin ya kwanta, ya yi sumul, bai naɗe ba, bai kuwa tattare ba, sai a fara maganar kuɗi. Idan ta ga ya nannaɗe kamar ganyen da rana ta buga, ko da a ce tsakiyar rigar ta fi ta kowa kyau, ajiyewa za ta yi ta ce sai ta zagayo. Wannan ba sabon abu ba ne a wurin mutanen ƙasar nan. Mai sayen tabarma bakinta yake dubawa, mai sayen faifai haka, mai sayen babbar riga kuwa wuya da bakin aljihu yake fara bi da ido, domin kowa ya san daga nan kaya suke fara mutuwa.

To, me ya sa bakin saƙar ulu yake naɗewa? Kafin ulu ya zo, saƙar da aka sani a wannan yanki ita ce ta masaƙa, ta 'yan siraran ƙyallayen auduga da Fulani suke kira leppi, waɗanda a da har ciniki ake yi da su a maimakon kuɗi. Masaƙi yana jefa ƙoshiya ta tafi ta komo, abawa ta zagayo ta bayan zaren gefe ta juyo, saboda haka ƙyallen yana sauka daga masaƙa da bakinsa a rufe, ba ya bukatar kowa ya gyara masa. Saƙar kibiya ba haka take ba. Zare ɗaya ne tilo tun daga farko har ƙarshe, ana lanƙwasa shi a yi ɗan ido kamar idon koma, a zaro wani idon ta cikinsa, haka har riga ta tashi. Kowane ido yana da gaba mai santsi da baya mai ƙulu-ƙulu, kuma ƙarfin jan da ke gaba bai yi daidai da na baya ba. A tsakiyar riga maƙwabta suna riƙe juna ta kowane gefe, ba a ganin kome. A baki kuwa, inda ido ba shi da maƙwabci a gefe guda, sai wannan bambanci ya fito fili: sama da ƙasa su naɗo ta gaba, gefe da gefe su naɗe ta baya. Ba laifin mai saƙa ba ne, halin saƙar ke nan ko a ina aka yi ta. Abin da ya fi wannan muni, tun da yake zaren ɗaya ne, ido guda ya tsinke a baki ya isa ya sa layi ya bi layi yana warwarewa.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara wa matan Mubi wahala. Zaren da ake kira ulu a kasuwa, mafi yawansa bai taɓa ganin tunkiya ba. Zaren roba ne da ake yi a masana'anta daga sinadaran man fetur. Yana da araha, yana jure wanki, asu ba ya cinsa, shi ya sa ya kori na gashin tumaki. Amma ulu na ainihi idan aka jiƙa shi aka shimfiɗa aka danne har ya bushe, yakan karɓi horo ya kwanta. Na roba ba ya jin wannan magana, yana bushewa zai koma gidan jiya. Wadda ta yi fushi ta ɗora masa dutsen guga mai zafi kuwa ta gama da shi, gama zai saki jiki ya yi ƙyalli ya zama kamar tsumma, in wutar ta yi yawa ma ya narke. Saboda haka wadda take aiki da irin wannan zare ba ta da wata dabara sai ta saƙa wa rigarta bakin da zai riƙe ta.

Hanyoyin yin haka suna da dama. Wadda aka fi sani ita ce saƙar nan mai ja da baya kamar roba, wadda ake gani a wuyan hannu da ƙugun rigar sanyi, ido ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Waɗansu sukan bi baki da kwarashi su yi masa ado kamar ganye. Masu gaggawa sukan kalmashe shi su daje da keken ɗinki, abin da yake sa baki ya yi tauri ya riƙa gurzar fatar jariri. Amma wadda gwanaye suke ji da ita, wadda kuma take raba su da 'yan koyo, ita ce 'yar igiya mulmulalliya da ake saƙawa a jikin bakin kansa, ta zagaye shi kaf kamar an ja layi da alƙalami.

Ga yadda ake yinta. Bayan an gama jikin riga, sai mai saƙa ta ɗora ido uku kacal a kan kibiya. Ta saƙa na farko, ta saƙa na biyu, na ukun kuwa sai ta tsinto ido ɗaya daga bakin rigar ta haɗa su ta saƙe tare. A saƙa ta yau da kullum, idan layi ya ƙare juya aikin ake yi a komo ta baya. A nan ba a juyawa. Sai ta mai da idanun nan uku kan kibiyar hagu yadda suke, ta jawo zaren ta bayansu ta ɗan tsuke, ta sake farawa daga na farko. Wannan jawo zare ta baya shi ne asirin abin duka, domin shi yake tilasta wa idanun uku su lanƙwashe su haɗa baki, su zama igiya mai rami a ciki kamar bututu. Watau dai halin naɗewar nan da yake ɓata riga, shi aka kama aka sa shi aiki: an ba shi ido uku ya naɗe iyakar son ransa, ya bar sauran rigar ta huta. Kowane layi na igiyar yana cinye ido ɗaya na baki, haka za ta yi ta tafiya, taku ɗaya bayan ɗaya, har ta zagayo inda ta faro.

A faɗe abin ba wuya, yarinya 'yar shekara goma za ta iya koyonsa a yini guda. Gwaninta tana wurin lissafi da sanin nauyin hannu. Idon saƙa ya fi faɗi bisa ga tsawo, saboda haka a ƙasan riga ko samanta igiyar takan gaza bakin tsawo, ta ja shi ya tattare kamar bakin jaka. Mai wayo takan canza kibiya ta ɗauki wadda ta fi kauri, ko kuwa jifa-jifa ta saƙa layi ɗaya ba tare da ta kama baki ba, don igiyar ta sami sarari. A gefen riga kuwa matsalar takan juya: idan ta kama kowane layi, baki ya yi yawa ya riƙa lilo kamar kunnen akuya, don haka sai ta kama uku ta tsallake ɗaya, tana yi tana shimfiɗa aikin a cinya tana dubawa. Idan ta iso kusurwa, tilas ta saƙa layi ɗaya ko biyu a sake kafin ta juya, in ba haka ba kusurwar ta murɗe ta ɗaga kai. Wurin maɓalli kuwa ba sai an huda riga ba. Sai ta saki baki ta saƙa igiyar ita kaɗai layi uku ko huɗu, ta tsallake daidai wannan a jikin rigar, ta sake kamawa, ga ƙofar maɓalli ta fito tsaf, wadda ba ta yagewa. Babu littafin da zai gaya wa mace daidai inda za ta tsallake, gama zare ya bambanta, hannu ya bambanta, har hannun mutum ɗaya ma na safe daban da na dare.

Ita wannan sana'a baƙuwa ce, ba ta fi shekara ɗari da 'yan kai ba a yankin. Ta shigo ne ta hannun matan Turawan mishan da makarantun 'yan mata, sa'an nan ta bazu ta darasin kula da gida da azuzuwan yaƙi da jahilci na mata. Mishan ɗin 'Yan'uwa daga Amurka ta kafa tasharta ta farko a Garkida a 1923, daga cikinta ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta fito, wadda hedkwatarta take Kwarhi, daf da Mararraba, a kan hanyar da matafiyi ya biyo. Amma saƙa ba ta tsaya a harabar coci ba. Matan aure na cikin kulle suka ga sana'a ce da ba ta bukatar fita, ba ta bukatar wuta ko rumfa, ana yinta ana jiran tukunya, sai suka karɓe ta hannu biyu. Yau a Mubi ba a iya cewa ta wane addini ce ko ta wace ƙabila. Yarinya takan zauna gaban wadda take kira Adda ko Goggo ko Mama, ta fara da safa, ta koma hula, sai an ga hannunta ya zauna kana a bar ta ta taɓa bakin rigar da za a sayar. Ita kanta igiyar tsohuwar dabara ce a Turai, amma wadda ta yayata ta a duniya wata gwanar saƙa ce mai suna Elizabeth Zimmermann, haifaffiyar Ingila da ta zauna a Amurka ta rasu a 1999. A rubuce-rubucenta na shekarun 1970 ta raɗa mata wani suna na ba'a da Turanci, mai ma'anar igiyar wawa, wai don ko wawa zai iya yinta. Da ta ga yadda ake warware ta sau uku a kusurwa ɗaya kafin Goggo ta gyaɗa kai, watakila da ta sassauta.

Ba a yin zancen wata sana'a a Mubi ba tare da an zo kan shekarar 2014 ba. Ranar 29 ga Oktoba na wannan shekara mayaƙan Boko Haram suka shiga garin, suka kafa tuta, har suka canza masa suna zuwa Madinatul Islam. Jama'a suka fita da abin da yake jikinsu, waɗansu suka hau duwatsu suka ƙetara Kamaru da ƙafa, waɗansu suka nufi Yola. A tsakiyar Nuwamba maharba da 'yan banga da sojoji suka ƙwato garin, amma mutane da yawa ba su komo nan da nan ba, a sansanonin gudun hijira da gidajen 'yan'uwa hunturun shekarar ya same su, da jarirai a hannu, ba bargo ba rigar sanyi. Waɗanda suka komo suka tarar an fasa ɗakuna, keken ɗinki da injin saƙa sun bi hanya. Tashin hankalin bai ƙare nan ba, domin an kai hari a masallaci a Nuwamba 2017, aka sake kai wani ranar 1 ga Mayu 2018 a wani masallaci da ke kusa da 'yan gwanjo. Mata da yawa suka wayi gari su ne uwa su ne uba.

A shekarun da suka biyo baya ƙungiyoyin agaji da na addini da hukumomi suka buɗe wuraren koyon sana'a domin zawarawa da 'yan mata, saƙa kuwa tana cikin abin da aka fi koyarwa, tare da ɗinki da yin sabulu. Wannan aikin alheri ne, ba mai musu. Sai dai akwai abin dubawa. Horon 'yan watanni ne, ana gaggawar a yaye wannan rukuni a ɗauki wani, a yi biki a ɗauki hoto. A cikin wannan ɗan lokaci ana iya koya wa mace ta ja inji ya zubo mata gaban riga da bayanta da hannuwa, amma ba a iya ba ta nauyin hannun da ake gama baki da shi. Sakamakon yana nan rataye a kasuwa: riguna masu kama da juna, launi mai ɗaukar ido, bakinsu a naɗe, waɗanda ba sa wuce wanki biyar. Inji ma yana yin igiyar, a kan allura uku ko huɗu yakan zubo ta kamu-kamu cikin ɗan lokaci, sai a bi da allurar hannu a ɗinka ta a baki. Daga nesa ba a rarrabewa. Amma wadda aka ɗinka baƙuwa ce a jikin riga, ranar da zaren ɗinkin ya tsinke za ta kama gabanta, wadda aka saƙa a jiki kuwa sai dai su tsufa tare. Kamata ya yi masu shirya irin wannan horo su nemi tsofaffin gwanayen cikin unguwa, su biya su, su ba su ɗaliban ko da na wata guda ne bayan an gama da inji.

Dalilin da ya sa wannan magana take da nauyi shi ne, mai saƙar hannu ba za ta taɓa iya karawa da gwanjo a wajen araha ba. Ko da yake tsofaffin tufafi suna cikin kayan da dokar ƙasa ta hana shigowa da su, dila-dila ake kwancewa a kasuwa, a garin bakin iyaka kuwa ba a tambayar ta inda suka biyo. Rigar sanyin da aka saƙa a masana'anta a wata ƙasa, wani yaro ya sa ta shekara ɗaya ya girme ta, takan iso Mubi a kuɗin da bai kai na zaren da za a saƙa irinta ba. Zaren kuwa, ko daga waje aka kawo shi ko a nan aka kaɗa shi da kayan waje, farashinsa yana bin dala, kuma tun daga 2023 da aka janye tallafin man fetur aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin ƙullin zare da na motar da take kawo shi suka tashi tare. Abin da ya rage wa mai saƙa shi ne abin da gwanjo ba ya iyawa: ta yi wa jariri daidai jikinsa, da launin da uwa ta zaɓa, sabo fil wanda ba wanda ya taɓa sawa, domin ba mai kai gwanjo gidan suna ya fita kunya. Da kuma aikin da zai daɗe har ƙane ya gada.

Amma a yi lissafi a ga abin da wannan yake ci mata. A ce shawul ne na jariri wanda kewayensa ya kai ido 600. Kowane ido na baki sai an saƙa masa uku, watau ido 1,800 ke nan, ban da mai da su kan kibiya sau 600, ban da warwara idan kusurwa ta ƙi. Aikin yini ne cur ga macen da take da girki da yara, ga kuma zaren da igiyar take ci wanda ya ninka na rufe baki na yau da kullum. Idan mai saye ta zo, ita da ta bi bakin nan da yatsa ta yaba a zuci, da baki sai ta ce, “Haba Adda, ai na ga irinsa a kasuwa rabin wannan.” Adda ta ce albarka. A ja a ja, daga ƙarshe a sallama a kan abin da ya biya zare ya bar ɗan na cefane, yinin da aka yi a kan igiya kuwa ya tafi kyauta. Shi ya sa waɗansu gwanayen suka kasa aikinsu kashi biyu, na kasuwa da ake kalmashewa a wuce, da na wadda ta zo har gida ta ba da kafin alƙalami. Ba za a ga laifinsu ba. Abin tsoro dai shi ne yarinyar da take koyo a yau ta fi ganin kashi na farko.

Akwai abu biyu da ya kamata a faɗa wa masu saƙa da iyaye mata, tun da zancen jarirai ake yi. Ma'aikatan lafiya suna ƙarfafa a sa wa sabon haihuwa hula, musamman bakwaini da wanda nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, saboda jikinsa yana saurin yin sanyi, kansa kuwa babba ne bisa ga sauran jikin. A nan igiyar da aka saƙa a bakin hula tana da amfani, don tana da laushi, ba ta da gurzar ɗinki, ba ta kuwa matse goshi idan an yi ta da sakakken hannu. Amma al'adar nan ta barin igiya doguwa tana reto a wuyan riga ko a haɓar hula, da tuntu a bakinta don ado, hatsari ce. Jariri yana juyi cikin barci, igiya tana iya zarge masa wuya, tuntu yana iya cirewa ya tafi baki. Maɓalli a kafaɗa ya fi. Na biyu, kayan ulu na hunturu ne. Akan ga uwa ta naɗe ɗanta cikin riga da hula da safa da shawul a watan Afrilu, lokacin da babba ma yake neman inuwa, don kawai kayan suna da kyau a ga an sa. Zaren roba ba ya shan gumi, ƙuraje ne suke biyo baya.

Kasuwar wannan sana'a gajeriya ce. Tun daga Oktoba ake fara karɓar aiki, Disamba da Janairu ba a barci, ga bukukuwan Kirsimeti ga haihuwa da ba ta jiran kowa, Fabrairu tana karewa zafi ya sauko daga duwatsu, sai a nannaɗe ragowar zare a sa a kwalla, a koma ga ƙosai ko kitso ko gona. A cikin waɗannan watanni, wanda ya bi lungunan Mubi bayan la'asar zai ga mata a tsakar gida sun juya wa iska baya, ƙullin zare yana birgima a cikin kwano don kada ya sha ƙasa, kibiyoyi suna ƙas-ƙas. Idan magariba ta yi, a koma ɗaki a kunna fitila mai caji ko ta waya.

Aiki na ƙarshe shi ne haɗa igiyar da kanta. Bayan ta zagaye shawul ta komo inda ta tashi, akwai ido uku a kan kibiya, akwai kuma ukun farko suna jira. Mai gaggawa takan ƙulle su kawai, ya bar ƙululu wanda yatsa zai tsinta nan take. Gwana kuwa sai ta yanke zare ta bar kamar taƙi ɗaya, ta zura shi a allura mai kauri marar tsini, ta riƙa shiga ido na nan ta fita ta na can, tana kwaikwayon tafiyar saƙar, har bakin biyu su zama ɗaya. Ragowar zaren ta tura shi cikin ramin igiyar ya yi tafiyar ɗan yatsa, ta ja, ta datse, ya shige ciki ya ɓace. Sa'an nan ta miƙa wa 'yar koyo ta ce ta nemo inda aka haɗa. Idan yarinyar ta zagaya sau biyu ba ta samu ba, sai a ninke shawul a ɗora hula da safa a kai, a sa a leda, a kira yaro ya kai gidan da za a yi suna da safe.